Tambaya da Amsa: Yaya Ake Yi wa Manyan Bututun Gas Gwiwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Panteka. Mu idan za mu lanƙwasa bututu, yashi muke ɗura masa, mu gasa, mu ja. To irin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai faɗin inci 40, yaya ake lanƙwasa shi bai lotsa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗan karkacen da ake bin tudu da kwari da shi, a fili ake yin sa da inji, ƙarfen na sanyi. Gwiwa sosai kuwa sai a masana'anta, kuma babu yashi, babu harshen wuta.

Ana zura bututun cikin zoben jan ƙarfe wanda ruwa ke gudana a cikinsa don kada ya narke. Zoben ba ya taɓa bututun. Lantarki mai saurin juyawa ke bi ta zoben, ya haifar da maganaɗisu, sai jikin bututun ya ɗauki zafi da kansa, wajen digiri 850 zuwa 1,100 a ma'aunin Celsius, a wani siririn zagaye kawai. Gaban bututun na damƙe a wani hannu mai juyawa kan turke, inji kuma na turo shi daga baya sannu a hankali. Inda ya yi jawur ne kaɗai ke lanƙwashewa, da ya fita daga zoben sai ruwa ya feshe shi ya sandare. Gaba da baya duk ƙarfe ne mai sanyi ke riƙe da wurin, shi ya sa ba ya lotsawa.

Tsawon hannun shi ke yanke girman gwiwar. Idan aka ce gwiwa 5D ce, ana nufin tsawon hannun ya kai ninkin faɗin bututun sau biyar; a inci 40, mita biyar ke nan da ɗan ɗoriya.

Matsala takan fito ne daga kauri. Bayan gwiwar yana miƙewa ya sirance, a 5D ya kan rasa kusan kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari, cikinta kuma ya ƙara kauri, in zafi ya yi yawa ya tattare. Don haka tun farko ake zaɓar bututun da ya fi na layin kauri. Layin waldar bututun kuma a gefe ake ajiye shi, inda ba miƙewa ba matsewa. Kafin a fara sai an kankare fenti da tsatsa tas, domin ɓurɓushin jan ƙarfe ko tutiya in ya narke a jikin ƙarfe mai zafi, tsaga shi yake yi. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, yawanci wannan gwiwar ta tashi daga aiki.

Bayan nan akan sake gasa ta a tanda, wajen digiri 600, saboda feshin ruwan ya sa ƙarfen tauri. Sannan a auna kauri, a duba ko bakin ya koma siffar ƙwai.

Tambaya: Me zai hana a yanka bututun a karkace a haɗa da walda? Ai ya fi araha.

Amsa: A bututun ruwan gida, babu laifi. A layin gas mai matsi, ƙarfin duk a kan kusurwar yake taruwa. Ga kuma na'urar da ake turawa ta ciki tana shara tana duba tsatsa. In ta iso kusurwa mai kaifi, nan za ta maƙale.