Tambaya da Amsa: Ko Kotun ECOWAS Za Ta Iya Fito Mana Da Shi?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Jami'an tsaro sun kama ƙanena a kasuwa bisa zargin shi infoma ne na 'yan bindiga. Ya daɗe a tsare, ba a kai shi gaban alƙali ba. An ce akwai kotunan Afirka da talaka ke kai ƙarar gwamnati. Suna da amfani kuwa? Daga wata mai karatu a Ƙaura Namoda.

Amsa: Hajiya, Allah ya fito da shi lafiya. Cire kotun Afirka da ke Arusha a Tanzaniya daga lissafi, domin Najeriya ba ta ba da sanarwar da za ta bai wa ɗan ƙasa damar shigar da ƙara kai tsaye ba. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul a Gambiya kuma shawara take bayarwa, ga jan lokaci.

Wadda ta shafe ki ita ce kotun ECOWAS a Abuja. Tun 2005 take karɓar ƙarar take haƙƙin ɗan Adam daga mutum ɗaya, kuma ba sai kin gama bin kotunan gida ba. Gwamnatin tarayya ake ƙara, ba jami'in da ya yi kamen ba. Kotun ta taɓa yin abin a zo a gani: a 2008 ta umarci Nijar ta biya Hadijatou Mani sefa miliyan 10 saboda ba a kare ta daga bauta ba, kuma an biya. To amma dubi Sambo Dasuki. A 2016 kotun ta ce tsare shi ya saɓa doka, a sake shi; sai Disamba 2019 ya fito. Wannan fa tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ne, da manyan lauyoyinsa. Kotun ba ta da ɗan sanda ko ɗaya, hukuncinta sai gwamnatin da aka kayar ta ga dama.

Ni dai da ƙanena ne, daga Gusau zan fara. Lauya ya shigar da ƙarar neman haƙƙi a babbar kotu, tunda sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya ko biyu. In babu kuɗi, akwai hukumar ba da agajin lauya kyauta. Ki rubuta ranar kamen, wurin, da sunayen waɗanda suka gani. Idan alƙali ya ce a sake shi aka yi kunnen uwar shegu, da waɗannan takardun za a tafi Abuja.