Shin DAC mai tsada zai gyara mini sauti?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan sutudiyo a Garwa, muna ɗaukar ƙasidu da waƙoƙin biki da tallan rediyo. Focusrite Scarlett 2i2, na'urar da ke haɗa makirufo da kwamfuta, nake amfani da ita. Abokina ya ce sautina ba zai taɓa fita tas ba sai na sayi DAC na daban, wanda kuɗinsa ya ninka na na'urata sau huɗu. In sayar da babur ɗina in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, bar babur ɗinka inda yake.

Aikin DAC shi ne ya juya lambobin da ke cikin kwamfuta su zama sautin da lasifika ko abin kunne za su fitar. Kowace waya tana da shi, Scarlett ɗinka ma tana da shi. Abin da abokinka bai gaya maka ba shi ne, DAC yana shafar abin da kai kake ji ne kawai a ɗakinka. Waƙar da ka haɗa ka fitar ka tura wa mai biki ba ta bi ta cikinsa. Muryar da ke shiga kwamfuta kuwa ta makirufo take bi, sai firiyam mai ƙara mata ƙarfi, sai ADC mai juya ta zuwa lambobi.

Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 a daƙiƙa, da bit 16, tazarar kusan desibel 96 ke nan tsakanin mafi ƙanƙantar sauti da mafi ƙarfi. Kunnen ɗan Adam ba ya wuce hertz 20,000, mu da muka manyanta ma ba mu kai nan. Na'urarka tana kai bit 24 da kilohertz 192, wato samfuri sau 192,000 a daƙiƙa. Ta riga ta wuce kunnenka nesa ba kusa ba.

Ni dai a ɗaki nake fara neman matsala. Na taɓa shiga wani sutudiyo a Marwa, rufin kwano, bangon siminti fayau, fanka tana juyi saman kan mai waƙa saboda zafi. Da na sa abin kunne sai na ji wani "huuu" a ƙarƙashin murya, gurnanin wutar hertz 50 ne, domin gidan babu wayar ƙasa, wato wayar lantarkin da ake binnewa a ƙasa. Muka kashe fanka lokacin ɗauka, muka jingina katifa biyu a bayan mai waƙa, muka rataya barguna, muka cire cajar laftof ta koma kan batiri. Mai ɗakin ya saurara ya yi shiru, sannan ya ce kamar an sauya masa makirufo. Ko sefa ɗaya bai kashe ba.

Ka tuna kuma inda waƙar za ta sauka: ta WhatsApp ko Xender, an matse ta MP3, sannan a kunna ta a ƙaramar lasifikar Bluetooth a teburin mai shayi. DAC ɗin cikin wannan lasifikar ne zai yi aikin, ba naka ba.

Akwai inda sauya na'ura ke da amfani: idan abin kunnenka mai ohm 250 ne kuma ƙarfi ya gaza, ko kana son jona makirufo huɗu lokaci guda don 'yan amshi. Wannan buƙatar amfilifaya ce ko ƙarin ƙofofi.

In zuciyarka ba ta kwanta ba, ari DAC ɗin wani ka gwada shi da na'urarka. Ku daidaita ƙarfin sautin biyun sosai, don kunne yana ɗaukar mafi ƙara a matsayin mafi daɗi. Ka juya baya, ƙanenka ya riƙa sauyawa sau goma bai gaya maka ba, kana rubuta wanda ka ji, ka ga ko za ka iya bambance su. Kuɗin kuma, in akwai, fara da wayar ƙasa da sitabilaiza, sannan lasifikan sutudiyo masu kyau.