Tambaya da amsa: Helikwaftarmu mai kujera biyu tana jijjiga, mu ƙara mata inji ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne ina HND a ɓangaren mekanikal, a Tudun Wada Kaduna nake. Ni da abokina mai walda a Panteka mun fi shekara muna haɗa helikwafta mai kujera biyu, injin mota muka sa mata, fuka-fukan kuma da fayif da falankin alminiyom muka yi. Satin da ya wuce mun ɗaure ta da igiya muka tayar, ƙafafunta sun ɗan saki ƙasa amma jijjigar da take har haƙoran mutum kaɗawa suke, sai muka kashe. Kowa cewa yake injin ne yayi ƙarami mu nemo V6. Abokina yana so mu hau bayan sallah, mahaifiyata ko barci bata iya yi, ni ma gaskiya gabana faɗuwa yake. Don Allah wane inji ya dace mu saya?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, kada ku sake tayar da injin nan da fuka-fukan a jiki, ko da igiya ko babu igiya, ko da mutum a ciki ko babu. Faɗuwar gaban da kake ji da rashin barcin Hajiya duk suna kan hanya, kuma Allah ne ya taimake ku kuka kashe da wuri.

Ba zan faɗa maka injin da zaku saya ba domin inji ba shine matsalarku ba. Wannan magana ta "a ƙara inji" kuwa wallahi na gaji da jin ta, duk yaron da ya turo min hoton abin da ya haɗa tambayarsa ɗaya ce, doki nawa zan sa, kamar dai helikwafta tifa ce da ta kasa hawa gada. Kaga jirginku ya riga ya saki ƙasa ai, wato ƙarfin da kuke dashi ya kusa isa ko ma ya isa. Abin da ya faɗa muku da wannan jijjigar shine farfelar sama bata da lafiya, idan kuka ƙara mata ƙarfi kun ƙara wa ciwon ne kawai.

Bari mu ɗauki wadda duniya ta fi sani a wannan aji, Robinson R22. Wanda ya ƙera ta, Frank Robinson, ya yi aiki a kamfanonin jirage na Cessna da Bell da Hughes, an san shi gwani ne a farfelar wutsiya, ya kafa kamfaninsa a Kalifoniya a 1973. Jirgin ya fara tashi a 1975, amma sai 1979 hukumar jiragen saman Amurka ta bashi takardar amincewa. Injin kuwa bai ƙera shi ba, kamfanin Lycoming ya je ya saya irin wanda ake sa wa ƙananan jirage tun da daɗewa. Toh shekarun nan a ina suka tafi? A farfela, da kan farfela, da giyabos, da gwaji kan gwaji. Abin da zai ƙara baka mamaki, injin R22 na yanzu zai iya bada doki 180 amma an ƙayyade matuƙi kada ya ja fiye da 131 wajen tashi, 124 kuma a tafiya. Mutumin da ya san aikin rage wa kansa ƙarfi yayi da gangan, don injin ya daɗe kuma ya samu rara ranar da iska tayi zafi ko aka je wuri mai tudu. Jirgin gaba ɗaya da mutum biyu da mai baya wuce kilo 622.

Wannan rarar ta shafe mu a nan. Kaduna tana sama da teku da mita 600 da ɗoriya, a zafin Maris da Afrilu da rana tsaka iskar tana yin sakayau har farfela da inji su ji kamar suna wajen mita 1,500. Don haka eh, ƙarfi yana da amfani, ban ce bashi da shi ba, kuma injin mota ba haramun bane, a waje akwai masu haɗin gida da suke gyara shi su sa. Sai dai V6 da kake magana zai zo da nauyinsa da lagireto da ruwa, ya ƙara murɗa gangar jirgin, farfelar wutsiya ta ƙara shan wahala, bel da giyabos da kuka auna wa ƙaramin inji su ɗauki abin da ba nasu ba.

Yanzu ɗauko biro tunda kai ɗan mekanikal ne. Farfelar R22 faɗinta mita 7.67, tana juyi kusan 510 a minti, wato sau takwas da rabi a sakan ɗaya, bakin fiffiken yana gudun sama da kilomita 700 a awa. Ka ƙaddara naku ma haka yake, fiffike mai tsawon mita 3.8 da nauyin kilo 12, tsakiyar nauyinsa a rabi. Yi lissafin ƙarfin da yake fizgarsa waje, zaka samu sama da tan shida. Tan shida ƙanena, a kan wannan ɗinkin waldar ko notin da ya riƙe gindin fiffiken, kamar ka rataye buhun siminti sama da 120 a wurin sannan kana karkaɗa su. Shi yasa fiffike idan ya tsinke baya faɗowa kusa, tafiya yake kamar harsashi, ɗayan da ya rage kuma ya yayyaga jirgin kafin ƙiftawar ido.

Jijjigar taku ma lissafinta a fili yake. Idan bakin fiffike ɗaya ya fi ɗan uwansa nauyi da giram 50 kacal, abin da bai kai ƙwai ɗaya ba, a wannan gudun ya zama kilo 55 yana wujijjiga jirgin sau takwas a sakan. Ko kuma fuka-fukan basa bin layi ɗaya, wannan yana sama wancan yana ƙasa saboda kusurwarsu ta bambanta. Na uku shine wanda ya fi tsorata ni da fiffiken fayif da falanki: dole nauyin fiffike ya zauna can gaba, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinsa daga bakin da yake yanka iska, idan nauyin ya koma baya fiffiken zai fara kaɗawa yana murɗa kansa, kuma yana ƙaruwa ne da gudu. Ka gaya min ta ina V6 zai gyara ɗaya daga cikin ukun nan?

Na taɓa zuwa wani gareji da aka kira ni in ga irin wannan aikin, yara masu hazaƙa wallahi, gangar jirgin tayi kyau har fenti sun yi mata kore da fari. Na ce a bani tsani. Da na hau na goge gindin fiffiken da tsumma da ɗan fetur, na bi gefen waldar da farce sai farcen ya tsaya a wani siririn layi kamar gashi, tsawonsa bai fi gaɓar yatsa ba. Na haska da tocilar waya na nuna wa mai waldar, ya ce ai Injiniya fenti ne ya tsage. Ba fenti bane. Kuma gaba ɗaya injin nan bai yi awa biyu yana aiki ba tunda suka haɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a ƙarfe kuwa tsagar da kanta take tafiya.

Kun yi gajiyar ƙarfe a aji, na sani, amma mutane suna karanta ta su ci jarabawa su manta. Juyi 510 a minti ya zama 30,600 a awa, kowane juyi fiffike sai ya lanƙwasa ya dawo. Alminiyom kuma baya yafiya, duk lanƙwasar da yayi yana rubutawa, zafin walda yana kashe masa ƙarfi a gefen ɗinkin daidai inda kake buƙatar ƙarfin. Shi yasa fiffiken R22 ba walda ake masa ba, ƙarfen silba mara tsatsa ne a gaba, ciki kamar saƙar zuma, a manne fatar da gam na musamman. Duk da haka bayan awa 2,200 ko shekara 12 sai an kwance jirgin anyi masa gyaran gaba ɗaya. A hanga, wato rumfar gyaran jirage, na ga fiffike sumul kamar yau aka ciro shi daga kwali, awanninsa sun cika aka sa zarto aka raba shi biyu don kada wani ya tsince shi ya sayar. Ranar da na fara gani sai da abin ya taɓa min zuciya saboda tsadarsa, daga baya na gane rai ake saya da shi.

Sannan tambayar da ba ka yi ba: idan injin ya mutu kuna sama fa? Jita-jitar da ake yaɗawa wai helikwafta faɗowa take kamar dutse ƙarya ce, amma ga wadda aka ƙera daidai. Tsakanin inji da farfela akwai kuloci mai tafiya hanya ɗaya, irin firiwil na keke da taya take ci gaba da juyi ko ka daina taka feda. Inji na mutuwa ya saki farfelar, matuƙi ya danna sandar hagu ƙasa ya kwantar da kusurwar fuka-fukan, iskar da take tasowa daga ƙasa ta ci gaba da juya su har ya sauka. A R22 farfelar bata da nauyi, lokacin da matuƙi yake dashi ya danna sandar bai kai sakan biyu ba, shi yasa aka sa ƙaho da yake ƙara da zarar juyi ya sauko zuwa kashi 97 cikin ɗari. Haɗurran da aka yi ta samu da ita, na faɗuwar juyi da na kan farfela yana bugun sandar da take riƙe dashi, su suka sa a 1995 Amurka ta fito da doka ta musamman kan horon masu tuƙa R22 da babbar 'yar uwarta R44. Wannan fa jirgin kamfani ne mai takarda. Yawancin na gida da nake gani an haɗe inji da farfela kai tsaye da bel ko sarƙa, inji na tsayawa farfela ta tsaya dashi. Naku yana da wannan kulocin? Kuma cikinku waye ya taɓa zama ko na awa ɗaya da malamin tuƙi? Tsayar da helikwafta cak a iska shine abin da ya fi ba ɗalibai wahala, balle a koya a jirgin da ba a taɓa gwadawa ba.

Igiyar ma kada ta yaudare ku. Ƙafa ɗaya ta maƙale ko igiya ɗaya ta fi ɗaya tsauri, jirgin sai ya kifa ta gefen, fuka-fukan su daki ƙasa su tarwatse cikin 'yan kallo. A watan Agustan 2021 a jihar Maharashtra ta Indiya wani matashi mai walda yana gwada wadda ya haɗa a ƙasa, farfelar wutsiya ta karye ta bugi ta sama, ɓaraguzan suka same shi a kujera ya rasu, abokansa suna tsaye suna ɗaukar bidiyo. Ko tashi bai yi ba.

Abin da yake ƙona min rai shine masu zuga. Tun 2007 da labarin wani ɗalibi a Kano da ya haɗa tasa da injin mota ya zaga duniya, duk shekara sai an samu wani, a taru a yi hoto, manya su zo da 'yan rakiya suyi alƙawarin tallafi, a Facebook a cika shi da "Allah ya ƙara basira, Turawa ma haka suka fara", babu mutum ɗaya da zai hau tsani ya duba gindin fiffike. In kayi magana a ce kana baƙin ciki, ko ace ai ajali in yazo ko a gado ne. Haka ne, amma ranka amana ce a hannunka, kuma yaran unguwa da zasu kewaye ku suna kallo ba su suka zaɓi wannan kasadar ba, haƙƙinsu yana wuyanku. Wanda ya ce maka ka sa V6 ba zai zauna a kujerar ba, kuma ba shi zai je ya yi wa Hajiya bayani ba.

Ban ce ku watsar da aikin ba. A garin nan aka haɗa ƙananan jiragen Air Beetle guda 60 da sojan sama suka yi horo dasu, kuma ba daga ka aka zana ba, tsarin jirgin RV-6A na Amurka aka ɗauko aka gyara, babu wanda ya ce abin kunya ne. Ga AFIT, makarantar fasaha ta sojan sama, a Mando, ga kwalejin jiragen sama ta Zariya da take nan tun 1964, mota ɗaya ce daga Kawo, akwai malamai da injiniyoyin da zasu duba zanenku. Kuma duk abin da zai ɗauki mutum sama sai da izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, wannan doka ce. Ku sauko da burin ku fara da ƙarama mara matuƙi, farfela mita ɗaya da rabi da rimot, a nan zaku koyi daidaita nauyi da bin layi da kulocin nan, in ta faɗi kuɗi ne kawai suka tafi, kuma ta isa furojet ɗin HND da zaka yi alfahari dashi.

Yau dai ka cire batirin ka tafi dashi gida. Gobe ku kwance fuka-fukan biyu, ku ɗora kowanne a sikeli ku rubuta nauyinsa, ku nemo inda kowanne yake daidaita a kan bakin ƙarfe ta tsawo da ta faɗi, ku kankare fentin gindin ku ɗauki hoto a rana kusa-kusa, da hoton yadda kuka haɗa inji da farfela. Ka turo min, in abokin naka bai gamsu ba ka kawo shi mu zauna mu yi lissafin tan shidan nan tare da biro da takarda.