Tambaya da Amsa: Da Wane Ma'auni Matuƙi Yake Sanin Gudun Jirginsa a Sama?

Tambaya: Assalamu alaikum. A lokacin sanyin da ya wuce na yi tafiyar Umara daga Kano zuwa Jidda, kuma na lura da ɗan allon da ke bayan kujera yana nuna gudun jirginmu ya haura kilomita 900 a awa ɗaya, amma da muka juyo gida da jirgi irin wancan, gudun bai kai 800 ba. Shin matuƙin farko sauri yake yi? Sannan mota da jujjuyawar tayarta ake gane gudunta, to jirgin da tayarsa ba ta taɓa komai a sama fa, da me ake auna nasa? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya karɓi ibada. Ba na zaton ɗaya daga cikin matuƙan biyu ya fi ɗan'uwansa gaggawa, domin lambar da ka gani a allon fasinja ba ita ce wadda matuƙi yake riƙe jirgi da ita ba. Abin da aka nuna maka shi ne gudun jirgi a kan doron ƙasa, wato yawan tazarar da inuwarsa take shafewa a cikin awa ɗaya, kuma ana samun wannan ne daga taurarin ɗan'adam da wasu na'urori na cikin jirgin. Shi kuwa jirgi a cikin iska yake iyo, ita ma iskar tana tafiya da kanta. Idan jirgi yana keta iska da gudun kilomita 850, iskar kuma tana tura shi daga baya da kilomita 90, to a ƙasa za a ga yana shafe 940. In ya juyo ya fuskance ta, sai ya koma 760, alhali injin bai sauya komai ba. A lokacin sanyi iskar can sama a yankin Sahara ta fi kaɗawa daga yamma zuwa gabas, saboda haka ta raka ku a zuwa, ta tare ku a dawowa. A watan Fabrairun 2020 irin wannan iska ta tura wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 daga New York zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56, inda gudunsa a kan ƙasa ya haura kilomita 1,300 a awa, amma a cikin iskar da ta ɗauko shi gudunsa na kullum yake yi.

Dalilin da ya sa matuƙi ya fi damuwa da gudun jirgi a cikin iska shi ne, iskar da take bi ta kan fikafikai ita ce take ɗauke da jirgin. Fiffike bai san akwai ƙasa ba, abin da ya sani kawai shi ne ƙarfin iskar da take dukansa. Ka dubi mai babur da ya sa babbar riga: yana tsaye rigar tana kwance a jikinsa, da ya fara gudu sai ta fara kumbura, in kuma ya fuskanci iskar hunturu sai ta cika fam ko da bai ƙara wuta ba. Da za a auna kumburin rigar nan daidai, da an san gudunsa a cikin iska ba tare da an kalli taya ba, kuma kusan abin da jirgi yake yi ke nan.

In ka sake zuwa filin jirgi, ka dubi gefen hancin jirgin, ƙasa da tagar matuƙa. Za ka ga wasu 'yan ƙananan bututun ƙarfe masu lanƙwasa, tsawonsu bai wuce taki ɗaya ba, bakinsu yana kallon gaba. Ana kiran wannan bututun Pito, da sunan Henri Pitot, wani injiniyan Faransa da ya ƙirƙiro shi a 1732 domin auna gudun ruwan kogin Sen, tun babu ko mafarkin jirgin sama. Iska tana cusa kanta cikin bakin bututun, matsinta yana ƙaruwa gwargwadon gudun jirgi. A jikin jirgin kuma, ta gefe, akwai wasu ƙananan huji da aka yi su shafe da bango yadda iskar gudu ba ta shiga cikinsu kai tsaye, su aikinsu auna matsin iskar wurin kamar tana tsaye. Da an cire matsi na biyu daga na farko, abin da ya rage shi ne matsin da gudu kaɗai ya haifar. A tsofaffin jirage da ƙananan jiragen koyo, wani ɗan gwangwani mai laushi ne yake buɗewa yana rufewa da wannan bambanci, yana juya allura a kan fuskar agogo. A manyan jiragen yau kwamfuta ce take karɓar matsin biyu ta fitar da lamba. Matsin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in gudu ya ninka sau biyu, matsi sau huɗu yake ninkawa.

Matuƙa ba sa lissafi da kilomita a yawancin ƙasashe, da not suke yi, kuma not ɗaya daidai yake da kilomita 1.852 a awa. Ma'anar kalmar a asalinta ƙulli ce, domin matuƙan jiragen ruwa na da suna sakin igiya mai ƙulle-ƙulle a bayan jirgi, su ƙirga ƙulli nawa ya zare daga hannunsu kafin yashin agogo ya gama zuba.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai burin shiga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya. Na ga hoton ɗakin matuƙa na wani jirgi yana tafiya a tsayin ƙafa 35,000 a sama, agogon gudunsa yana nuna not 270 kacal, wato wajen kilomita 500, alhali an ce jiragen nan suna yin 850. Agogon ne ya lalace? Kuma mene ne lambar nan 0.80 da na gani a kusa da shi? Daga wani ɗalibi a Funtuwa.

Amsa: Ɗana, agogon lafiyarsa ƙalau, kuma ka ɗora yatsa a kan abin da ya fi muhimmanci a wannan fanni. Bututun Pito matsi yake aunawa, matsi kuwa ya dogara ga abu biyu, gudu da kaurin iska. An tsara agogon ne bisa kaurin iskar bakin teku, a ƙafa 35,000 kuma iska ta tsinke har kaurinta bai kai sulusin na ƙasa ba. Saboda haka jirgin da yake keta iska da not 460 na haƙiƙa, wato kilomita 850, dukan da iskar take yi wa bututun bai wuce na not 270 a ƙasa ba. Matuƙan ƙananan jirage suna da lissafin ka na wannan: a kowace ƙafa 1,000 da aka hau, sai a ƙara kusan kashi 2 cikin ɗari a kan abin da agogo ya nuna.

Mai hankali zai tambaya, tun da kwamfuta tana iya gyara lambar, don me aka bar wa matuƙi wadda ba ta haƙiƙa ba a gaban idonsa? Amsar ita ce, fiffike ma matsin nan yake ji, ba gudun haƙiƙa ba. Idan jirgi mai wani nauyi yana buƙatar not 145 na agogo kafin ya ɗaga, to 145 ɗin nan yake buƙata a Legas da sanyin asuba, shi ne kuma yake buƙata a Kano da tsakar rana a watan Afrilu. Bambancin kawai, a Kano, inda filin yake sama da teku da mita 470 da wani abu, zafi kuma ya tsinka iska, sai jirgin ya yi gudun haƙiƙa fiye da na Legas kafin allura ta kai wurin, don haka ya fi cin titi, wani lokacin ma a rage masa kaya. Wannan ne kuma ya sa jirage suke tashi suna sauka suna fuskantar iska, domin duk abin da iskar gaba ta ba da, kyauta ce da ba sai taya ta nemo ba.

Kafin kowace tashi ana lissafa wasu lambobin gudu bisa nauyin jirgi da zafin rana da tsawon titi. Akwai wadda ake kira V1, wadda in an wuce ta ba a fasa tashi ko da inji ɗaya ya mutu, domin titin da ya rage ba zai isa a tsaya ba. Akwai ta ɗaga hanci. Akwai kuma ta hawa lafiya da inji ɗaya. Haka ake yi wa sauka.

Lambar 0.80 kuwa ita ce Mak, da sunan masanin kimiyya Ernst Mach na Ostiriya, kuma tana nufin jirgin yana yin kashi 80 cikin ɗari na gudun sauti a wurin da yake. Gudun sauti yana bin zafin iska: kimanin kilomita 1,225 a awa ne a zafin digiri 15, amma a can sama, inda sanyi yake wuce digiri 50 ƙasa da sifili, yana sauka zuwa wajen 1,060. Jirgin fasinja da ya matsa kusa da shi sosai, iskar kan fikafikansa tana rikicewa ya fara karkarwa, shi ya sa da an yi nisa a hawa matuƙa suke komawa kan wannan lamba.

Tambaya: Malam, na ji an ce wai ƙwaro ya taɓa kayar da babban jirgi. Gaskiya ne ko labarin teburin mai shayi? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, labarin yana da tushe, kuma ƙwaron ba baƙo ba ne a gare mu, dangin zanzaro ne, mai gina ɗakin laka a duk ramin da ya samu. A ranar 6 ga Fabrairun 1996 wani jirgin Birgenair ƙirar Boeing 757 ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu. Jirgin ya yi kimanin mako uku a ajiye, kuma masu bincike sun gano bututun Pito na ɓangaren kyaftin a toshe yake. Ba a samo bututun daga teku ba, amma zatonsu ya fi ƙarfi a kan ginin zanzaro. Bututu toshasshe mugun maƙaryaci ne, domin iskar da ta maƙale a ciki tana nan da matsinta, matsin waje kuma yana raguwa yayin hawa, sai agogo ya riƙa nuna gudu yana ƙaruwa alhali raguwa yake. Aka ɗaga hanci, aka rage wuta, har fikafikai suka kasa ɗaukar jirgin.

A watan Oktoban 1996 ɗin kuma wani jirgin Boeing 757 na kamfanin Aeroperú ya faɗi da mutum 70, saboda an manta da tef ɗin da aka liƙe hujin gefe da shi lokacin goge jirgin. A ranar 1 ga Yunin 2009 kuma ƙanƙara ta toshe bututun jirgin Air France mai lamba 447, ƙirar Airbus A330, tsakanin Riyo da Faris. Toshewar ba ta kai minti ɗaya ba, amma na'urar tuƙi da kai ta saki jirgin, mataimakin matuƙi ya ja hanci sama har gudu ya ƙare, mutum 228 suka halaka, kuma sai a 2011 aka ciro akwatunan naɗar bayanansa daga ƙasan teku.

Saboda irin waɗannan ne manyan jirage suke ɗauke da bututu uku ko fiye, kowane da hanyarsa daban da kuma wutar lantarki mai ɗumama shi, ana kuma horar da matuƙa cewa in lambobi suka saɓa wa juna, su saita hanci da ƙarfin inji a kan adadin da aka riga aka sani, su bar jirgi ya tafi a haka har a gane wane agogo ne mai gaskiya. In jirgi zai kwana a ƙasa ana sa wa kowane bututu murfi mai dogon jan ƙyalle, wanda tilas a cire a ƙirga kafin tashi. A kan titi ma, da jirgin Boeing ya kai not 80, matuƙi ɗaya yana faɗin lambar da baki, ɗayan ya dubi nasa agogon ya tabbatar sun dace. Kyaftin ɗin jirgin Birgenair ya lura a daidai wannan gaɓa cewa agogonsa ba ya aiki, ya tambayi mataimakinsa, aka ce na wancan ɓangaren yana aiki, sai suka ci gaba da tashi.