Faɗuwar Gaba, Kunya da Waswasi: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Wata matar aure daga Zariya: Likita, wata huɗu ke nan, sai ina zaune lafiya gabana ya yanke ya faɗi, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, in ji kamar mutuwa zan yi. Sau biyu ana gwada zuciyata ana cewa ƙalau take. Surukata ta ce iska ce.

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Abin da kika kwatanta ya yi kama da ciwon firgici, ɗaya daga cikin cututtukan fargaba. Ba ke kaɗai ba ce, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 301 ne ke fama da irin waɗannan cututtuka a 2019, kuma mata sun fi yawa a ciki.

Idan mutum ya yi kiciɓis da maciji, nan take ƙwaƙwalwa ke sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, gumi ya karyo, don mutum ya tsere. Ke kuwa wannan shirin ne ke tashi alhali babu maciji. Yakan kai maƙura cikin minti goma, sannan ya lafa da kansa, kuma ba ya tsayar da zuciya. In kina jin jiri da sanyin yatsu, saurin numfashi ne ke kawo su. In ya taso, ki zauna, ki ja iska ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake ta a hankali kina ƙirga shida.

Ki roƙi likitanki ya duba miki jini da maƙoƙo, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo mai sa bugun zuciya suna kawo alamu irin waɗannan. Ki rage goro, kofi da shayi mai kauri. Abin da na fi jiye miki shi ne ki fara gudun kasuwa, gidan biki ko shiga mota saboda tsoron kada ya same ki a can. Na ga matan da suka shekara ba su leƙa ƙofar gida ba, kuma da haka abin ya fara. Ki ci gaba da addu'o'inki, ki haɗa da asibiti. Ki tafi da surukar taki ma, ta ji bayani da kunnenta.

Wani magidanci daga Gusau: Ɗana mai shekara 17 shiru-shiru ne, ba ya shiga mutane. Har an fara cewa yana da taɓin hankali. Ta yaya zan gane?

Malam, bambanta da mutane kaɗai ba ciwo ba ne. Yaron da ke sunkuyar da kai gaban manya, a wurinmu mai tarbiyya ne, a wata ƙasar kuwa sai a ce yana da matsala. Shi ya sa mu likitoci muke tambayar wasu abubuwan. Shin halin yana ƙuntata masa shi kansa? Ya hana shi makaranta, masallaci ko cin abinci? Haka yake tun yana ƙarami, ko kwanan nan ya sauya? In yana son abokai amma tsoron a yi masa dariya ke sa jikinsa rawa, wannan fargabar shiga jama'a ce, kuma tana warkewa. Amma in ya daina wanka, yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya ambaci kashe kansa, ku kai shi asibiti a ranar, kada a jira.

Wani ɗalibi daga Maraɗi: Nakan maimaita alwala fiye da sau goma, har jam'i ya wuce ni. Raunin imani ne?

A'a, ɗana. Ciwon waswasi ne: tunani ya dame ka, ka maimaita aiki don ka samu sauƙi, sauƙin ya ƙara wa tunanin ƙarfi. Malaman fiƙihu sun daɗe da cewa mai yawan kokwanto ya yi watsi da kokwantonsa, kuma maganinmu ma haka yake. Ka yi alwala ɗaya, ka tashi, ka daure wa ƙuncin da zai biyo baya har ya sauka. Da wuya a farko. In ka kasa kai kaɗai, masanin halayyar ɗan'adam zai bi da kai mataki-mataki.

Wani direba daga Kano: Wani mai kemis ya ba ni diazepam saboda fargaba, wata shida ke nan ina sha. In ci gaba?

Wannan ya tayar mini da hankali, Malam, musamman da yake kana riƙe da sitiyari. Diazepam yana kawo gyangyaɗi, kuma jiki kan saba da shi cikin 'yan makonni. Kada ka yanke shi lokaci guda, domin hakan na iya jawo jijjiga. Likita ne zai riƙa rage maka kaɗan-kaɗan. Akwai magunguna irin su sertraline da fluoxetine da suka fi dacewa da fargaba mai daɗewa, sai dai sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ji amfaninsu sosai. Ka je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano cikin makon nan, ka tafi da kwalin maganin, ka kuma faɗa wa likita gaskiyar ƙwaya nawa kake sha a rana.