Sabuwar Kyanwata Cikinta Sai Girma Yake: Amsoshin Likitan Dabbobi

Tambaya: Likita, barka da ƙoƙari. Kwanan nan na karɓi wata kyanwa daga hannun maƙwabciyata da ta tashi daga gidan da take. Ci take ba ƙaƙƙautawa, ga barci, kuma cikinta ya fara tasowa. Ta yaya zan gane ko ciki ne da ita?

Amsa: Malama, kada ki fara da duban tumbi, fara da nonuwa. Ki bari sai ta miƙe tana hutawa, ki shafa ta har ta saki jiki, sannan ki buɗa gashin cikinta a hankali. Kyanwar da ba ta da ciki, kan nononta ƙanana ne, fari-fari, sai kin lalubo su cikin gashi. Idan ciki ya kai kamar sati 3, za ki ga sun tasa sun yi ja-ja, gashin da ke kewaye da su ya ragu. Wannan ita ce alamar farko da mai gida ke iya gani da idonsa, kuma ta fi fitowa sosai a wurin wadda ba ta taɓa haihuwa ba.

Shi kuwa tumbi ba ya nunawa sai wajen sati na 4 zuwa na 5. Ki tsaya ta samanta ki kalle ta tana tafiya. Mai ciki, gefe da gefe take buɗewa daga bayan haƙarƙari, amma wuyanta da kafaɗunta suna nan yadda suke. Mai ƙiba kuwa ko'ina ne yake cika. Kafin ta haihu takan ƙara kilo 1 zuwa 2. Wasu sukan yi ɗan amai a makonnin farko, wasu su dinga liƙe wa mutum fiye da da.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ke ba ki san halinta na da ba, balle ki ce ta canza. Kyanwar da ta sha yunwa ta samu gidan da ake ba ta abinci, dole ta ci da yawa ta yi barci. Tsutsar ciki ma tana kumbura tumbi. Akwai cikin ƙarya, wanda ke biyo bayan barbarar da ba ta kama ba, har nonuwa su yi ja. Akwai kuma taruwar ruwa a ciki, da taruwar mugunya a mahaifa, wadda kan kashe kyanwa idan aka yi sakaci. Idan kin ga tana yawan shan ruwa, ta daina ci, ko wani ruwa mai wari na fita ta bayanta, yau za ki kai ta asibitin dabbobi, ba gobe ba.

Abin da zai raba gardama shi ne gwaji. Likita na iya jin 'ya'yan da hannunsa daga wajen kwana 20 zuwa 30. Na'urar sikanin tana nuna cikin tun daga sati na 3, har da bugun zuciya ba da jimawa ba bayan nan. Hoton ƙashi sai bayan kwana 45, lokacin da ƙasusuwan 'ya'yan suka yi ƙwari, kuma shi ya fi faɗin ko su nawa ne. Ke dai kada ki matsa mata ciki da sunan ƙirge, yatsan da bai saba ba yana iya jawo ɓari.

Tambaya: Tawa ƙarama ce, ba ta fi wata 5 ba a ganina. Anya za ta iya ɗaukar ciki?

Amsa: Ƙwarai kuwa. Wasu tun suna wata 4 suke fara neman muzuru. Kuma ita kyanwa barbarar ce da kanta ke sa ƙwai ya sauko, shi ya sa fita ɗaya da dare kan wadatar. Ba ta san ɗan'uwa ba, ba ta san uba ba, don haka wanda ya karɓi mace da namiji 'yan ciki ɗaya ya raba su tun da wuri.

Tambaya: Likita, na tsinci wata mage a waje, jikinta duk ƙuma, ga wani makero a kunnenta. Ina zargin tana da ciki. Abokina ya ce in fara da maganin tsutsa da allurar rigakafi. Me ka gani?

Amsa: Malam, niyyar abokinka mai kyau ce, amma ya sa na baya a gaba. Wannan ne ma ya fi damuna a batun sabuwar kyanwa: mutum na ɗokin ya gyara ta, sai ya ɗura mata magunguna kafin ya san abin da ke cikinta. A fara tabbatar da cikin, sannan a zaɓi magani.

Wasu alluran rigakafin da ƙwayar cuta mai rai ake yin su, an dai rage mata ƙarfi. Idan aka yi wa mai ciki irin wannan, tana iya taɓa ƙwaƙwalwar 'ya'yan, a haife su suna tangaɗi har ƙarshen rayuwarsu. Maganin makero da ake kira griseofulvin yana nakasa ɗan da ke ciki. Maganin ƙuma na karnuka mai ɗauke da sinadarin permethrin guba ne ga kowace kyanwa, da ciki ko babu. Uwa-uba farasitamol: hantar kyanwa ba ta iya narkar da shi, ƙwaya ɗaya tana iya aika ta lahira. Akwai maganin tsutsa da na ƙuma da suka dace da mai ciki, kuma ya kamata a ba ta, tunda tsutsa kan bi nono ta shiga jikin 'ya'ya. Amma likitan da ya auna nauyinta ne zai zaɓa. Kafin nan ka keɓe ta a ɗaki guda, ka riƙa wanke hannu bayan ka taɓa ta, don makero na kama mutane, musamman yara.

Tambaya: Ban san ranar da aka barbare ta ba. Yaya zan san haihuwa ta kusa, kuma me zan tanada?

Amsa: Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne a galibi, wato kamar sati 9. Tunda ba ki da ranar farawa, sai ki bi jikinta. A makonni biyu na ƙarshe za ki ga cikin yana motsi idan ta kwanta, nonuwa sun cika, ta shiga leƙe-leƙen lungu: ƙarƙashin gado, cikin durowar kaya, bayan kujera. Ki sa mata kwali da tsumma mai tsabta a inda babu hayaniya. Ba lalle ta karɓa ba, 'yar uwa, mage inda ta ga dama take haihuwa. Idan ya rage kamar kwana guda, takan ƙi abinci, ta kasa zama wuri ɗaya, zafin jikinta ya sauka ƙasa da digiri 37.8.

Abinci kuwa, ki koma ba ta irin wanda ake yi don 'yan kyanwa, ya fi gina jiki, kaɗan-kaɗan sau da yawa, saboda 'ya'yan sun matse mata tumbi. Madarar saniya ba ta ƙara mata komai, zawo ma take sa yawancinsu.

Yawanci ita kaɗai take gama aikinta, ta lashe ɗan, ta datse cibiya, har ta cinye mabiyiya. Ta kan haifi kamar 4 ko 5, da tazarar minti 10 zuwa awa guda a tsakani. Amma idan ta yi minti 20 zuwa 30 tana yunƙuri da ƙarfi babu abin da ya fito, ko ɗa ya maƙale a hanya, ko jini ya yi yawa, ki nemi likita nan take.

Tambaya: Ni kaina ina da juna biyu, ga kyanwar da muka karɓa ita ma da ciki. An ce in rabu da ita.

Amsa: Allah ya raba lafiya, Hajiya. Ba sai kin rabu da ita ba. Abin da ake tsoro wata ƙwayar cuta ce, tozoplazma, da ke fita a kashin kyanwa, kuma tana iya cutar da jaririn da ke ciki. Sai dai ƙwayar ba ta iya kama mutum sai kashin ya kwana 1 zuwa 5 a ajiye. Saboda haka a riƙa kwashe shi kullum, kuma wani ya kwashe, ba ke ba. In babu kowa, ki sa safar hannu, ki wanke hannu da sabulu. Kada a ba ta ɗanyen nama, ke ma ki tabbatar naman da za ki ci ya dahu sosai, don ta nan ma ake ɗauka. Idan kin je awo ki shaida wa mai duba ki cewa akwai sabuwar kyanwa a gidan.