Amsa: Me ya sa aka goge gyarana a maƙalar British American Tobacco?

Malam, ka ce ka rubuta a Wikipediya ta Hausa cewa wannan kamfanin taba "yana kashe matasan Gombe", washegari ka tarar an share. Ni ma da na gani sharewa zan yi, ba don ina goyon bayan masu taba ba. Hukunci ka yanke, kuma ba ka kawo madogara ba.

Ka tsaya kan abin da ke rubuce: an kafa kamfanin a 1902, hedikwatarsa na Landan, yana da masana'anta a Ibadan, Najeriya kuma ta yi dokar taƙaita shan taba a 2015. Kowace jimla ka liƙa mata majiyarta. Jihar Gombe na cikin waɗanda suka maka shi a kotu kan kuɗin jinyar mashaya taba, amma ka ce "jihar ta yi zargin", kada ka mai da zargi hukunci.

Shafin intanet na kamfanin ya isa shaida kan adireshi da sunan shugabansa. Kan lafiya kuwa, mai kaya ba ya kushe kayansa, nemi rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya.

Na taɓa kwana ina gyara a waya a Tudun Wada, caji na ƙarewa, sai na gano jaridar da na dogara da ita sanarwar kamfanin ta kwafo kalma da kalma. Dole na cire.